Maganar da Ta Zo Bayan Addu'a

Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan, kuna yawo a sakatariya da waya a hannu kuna cewa rubuta bayanin taro ba aiki ba ne, wai mutum ya danna waya ta naɗi murya ya koma ya harɗe ƙafa, ku matso in gaya muku. Waya za ta naɗo muku tarin mai unguwa da kukan fanka da jan kujera. Ba ta san wanda ya yi magana ba, balle wanda aka hana. Na haura shekara ashirin a kan wannan aiki a ƙaramar hukumarmu, kuma ban iya riƙe biro ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Sunana Asabe. A sakatariya Asabe Akawu ake ce mini. Da ba'a aka fara, sunan ya zauna.

Da tsintsiya na shigo. Aikin da aka fara ba ni shi ne share zauren taro da jera kujeru ranar jin koken jama'a. Ga wanda bai sani ba, kafin a tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa ana kiran mutanen kowace mazaɓa su zo su faɗi abin da ke damunsu, titi ne, ruwan sha ne, magudana ce, rufin aji ne da iska ta yaye. Akawu yana rubutawa a littafi. Daga littafin ake tsamo abin da za a kai gaban kwamiti, abin da kwamiti ya zaɓa shi ke shiga kasafi. Abin da bai shiga littafi ba, a wurin hukuma ba a taɓa faɗarsa ba, ko da mutum ɗari sun ji da kunnensu. Jerin kujerun ma da ƙa'idarsa. Masu kushin guda shida a gaba, na Ciyaman da manyan baƙi. Sai fararen na roba, na masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyi. Sai benci. Can baya kuma, bakin ƙofar da kowa ke bi ya fita, tabarma biyu ta mata. Wayar makirfo iyakarta layi na uku. Shekara huɗu ina shimfiɗa tabarmin nan da hannuna, ban taɓa tambayar kowa me ya sa wayar ba ta kai can ba.

Akawun lokacin Baba Dikko ne, wani dogon Bakatsine mai cin goro, wanda kunnensa na hagu ya fara nauyi amma bai yarda a sani ba. Wata safiya, kashegarin taro, ina share ofishinsa ya tasa littafi a gaba yana ta tsaki. Ya rasa abin da shugaban direbobi ya faɗa a kan tashar mota. Ban ko ɗago ba na ce masa, cewa ya yi in ba a cike ramin bakin tasha ba kafin damina, a bakin titi za su riƙa sauke fasinja, kuma kada wanda ya zo ya kama musu mota. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke, kin yi boko?"

"Allo na yi, Baba. Shi ma ban yi nisa ba."

"To mi na bayansa ya ce?"

Na faɗa masa. Na faɗi na bayan wancan. Sai da na jera masa mutum bakwai.

"Wannan kunnen asara ne a kan tsintsiya," in ji shi. "Je ki koyo baƙi ki dawo."

Shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci a Badarawa, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare, gwiwa na dukan tebur. Matan layinmu suna cewa ga tsohuwa can za ta zama likita. Na ce musu ko katin asibitin jikana na karanta da kaina ai na ci riba, su kuma su ci gaba da kai takarda gidan maƙwabta a san sirrinsu.

Da na dawo da takardar shaida bai ko duba ta ba. Ya miƙo mini tarin tsofaffin fom da aka daina aiki da su ya ce in riƙa rubutu a bayansu. Shekara guda cur ban taɓa littafin hukuma ba. Ranar taro ina kan 'yar kujera gefen teburinsa, yana rubuta nasa ina rubuta nawa, in an watse ya karɓa ya gwada. Laifina na farko son rubuta komai. Mutum zai miƙe ya yi salati, ya gaida Ciyaman, ya gaida hakimi, ya gaida iyayen ƙasa, ni ina biye da shi da biro, kafin ya iso kan maganar rijiyar burtsatse hannuna ya mutu. Baba Dikko ya ce mini Bahaushe ba ya fara magana da abin da ya kawo shi. Ki bar shi ya gama zagayensa, ki huta, ki jira inda zai ce "sai dai". Daga nan aikinki ya fara. A gida kuma ya ɗora mini bin labaran rediyo da biro, in kawo masa da safe. In ya ga na sa wa mutum kalmar da bai faɗa ba, ko da ta fi tasa daɗi, sai ya yaga takardar gida biyu ya miƙo mini.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Littafi mai baƙin bango, ɗinkakke, ba mai waya ba, don mai waya ana zare masa shafi ba a gane ba. Kafin a rubuta harafi ɗaya a ciki sai an bi shafukan an sa musu lamba da hannu, daga farko har ƙarshe. Shuɗin biro guda biyu, don ɗaya yakan mutu a tsakiyar maganar mai unguwa. Takardar sunayen waɗanda suka zo, da tawadar dangwale saboda waɗanda ba su iya sa hannu ba. Sai rula da jan biro, su kuma aikinsu ɗaya ne a rana. Da liman ya rufe taro da addu'a aka shafa, akawu zai ja layi a ƙarƙashin maganar ƙarshe, ya soke sauran farin shafin da wani layin a karkace. Daga nan littafi ya rufe. Ko Ciyaman ne ya tuna wani abu, sai taro na gaba.

Na ga amfanin layin nan tun ina koyo. An tashi daga wani taro ana ta fita, sai wani kansila mai yawan turare ya dawo ya dafa teburin Baba Dikko ya sassauta murya. Wai a ƙara magana ɗaya kawai, a ce jama'a sun nemi a zuba kwalta a wata hanya ta bayan maƙabarta. Kowa ya san babu gida ko ɗaya a hanyar, sai filayensa. Ya ajiye ambulan a kan littafin kamar mantuwa. Baba Dikko ya ture ambulan ɗin da bakin rula kamar mai kawar da mushen ɓera, ya buɗe masa shafin.

"Ranka shi daɗe, ina zan sa? Ka gani, wuri ya ƙare."

"Haba Dikko, a gefe mana."

"Gefe na gara ne."

Da mutumin ya fita sai ya ce mini, duk maganar da ta zo bayan addu'a ta ɓarayi ce, mai gaskiya a gaban mutane yake faɗar tasa. Na riƙe wannan kamar karatun salla. Kuma sau tara cikin goma gaskiya ya faɗa.

Da ya ajiye aiki ya koma garinsu, littafin ya dawo hannuna, ba don an so ba. Masu digiri ba sa son zaman awa biyar suna rubuta koken magudana da Hausa, sun fi son a kawo musu su juya shi Turanci. A wurin juyawar nan na ga yadda ake yi wa magana yankan ƙauna. Tsoho ya tsaya ya yi bayanin yadda ruwa ya shiga ɗakinsa ya jiƙa buhun masararsa, na cika rabin shafi, a takardar da za ta hau sama sai ya koma kalma huɗu, wai an lura da koken. Ban isa in hana ba. Abin da na isa shi ne nawa littafin ya zama cikakke, ranar da aka nemi asali a same shi.

Masu zuwa wurina kala-kala ne. Akwai kansilan da ya zo da faɗa don ya ga an rubuta masa layi ɗaya, "Kansila ya yi godiya."

"Asabe, minti ashirin fa na yi ina magana."

"Ranka ya daɗe, godiyar ce ta yi minti ashirin. In akwai abin da ka nema wa mutanenka na tsallake, faɗa mini yanzu."

Ya tsaya yana tunani, ya juya ya fita. Akwai masu biyo ni gida da ƙwai ko turmin atamfa don in sa kokensu a sama, na mayar musu har na yi baƙin jini a dangi. Akwai kuma Malam Isiyaku, mai makarantar allo a bakin babban titi, wanda duk shekara yake zuwa ya roƙi a yi tudun rage gudun mota a gaban makarantarsa. Kalmominsa ba sa canzawa. A shekara ta bakwai ya tsaya bakin teburina tun kafin a fara ya ce, Malama Asabe, ƙafata na ciwo, ki duba na bara ki kwafa. Na ce masa ba na kwafa, sai ya miƙe ya faɗa. Ya dogara sanda ya miƙe ya faɗa, na rubuta. Har ya rasu ba a yi tudun ba.

Muguwar shekarata ta fara ne a taron wata mazaɓa da ba zan faɗi sunanta ba. An kira mutane ƙarfe goma, Ciyaman bai iso ba sai bayan azahar. Gabatar da manyan baƙi ta ci nata rabon. Mai unguwa ya yi magana, liman ya yi, shugaban 'yan kasuwa, shugaban matasa, sannan shugabar mata ta karanta takardar da aka rubuta mata, a taimaka da keken ɗinki da injin markaɗe. Tun ana tsakiyar wannan na hango wata mata a tabarmar baya tana ɗaga hannu, ta sauke, ta sake ɗagawa. Siririya ce, mayafinta ruwan toka ya koɗe, tafin hannunta fari fat irin na mai wankau. Na gan ta, ba zan ce ban gan ta ba. Ba ni ke ba da izinin magana ba, na mayar da kai kan littafi. Ladan ya kira la'asar, mai gabatarwa ya ce liman ya rufe mana. Aka shafa. Na ɗora rula na ja layina.

Sai matar ta miƙe ta fara magana da ƙarfi, da harshen mutanen Zamfara, daidai lokacin da maza suka taso gaba ɗaya suna rububin fita alwala ta gabanta. Ina tattara takardar sunaye. Na ji ta ce kwalbati, na ji Layin Mai Dusa, na ji ta ce mai gidanta ba ya tashi. Sauran ya tafi cikin jan kujeru. Wani ya ce mata, baiwar Allah, an tashi, ba mu hanya. Ta kutso har gaban teburina.

"Malama, ke ka rubutu?"

"Ni ce. Amma an rufe."

"Magana guda ta, Malama."

"Ko rabi ce. Kin ga jan layin nan? In an ja shi an ja. Ki gaya wa mai unguwarku, ko ki dawo taro na gaba ki zauna gaba-gaba."

"Yaushe za a sake?"

"Baɗi war haka."

Ta dubi littafin, ta dube ni, ta gyara mayafi ta fita. Ban tambayi sunanta ba. Daga baya a takardar sunaye na ga wani dangwale da aka rubuta Kulu a gefensa.

Cikin marka, wata rana da tsakar rana, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin Layin Mai Dusa bai ɗauka ba. Ruwan ya rasa hanya ya dawo da baya, ya bi gindin ɗakunan haya da ke jikin magudanar, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Ɗaki huɗu suka zauna. Uku babu kowa a ciki. A na huɗun akwai mijin Kulu, tsohon mai tura baro a kasuwa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu. Ita tana wani gida tana wankau. Da hannu maƙwabta suka tono shi.

Ni labarin a matsayin aiki ya iso mini. Injiniya, shugaban sashen ayyuka, ya aiko in kai masa littattafan shekara uku. Bayan sati biyu aka kira taron jaje da bincike, zauren ya cika har waje. Ciyaman ya yi ta'aziyya. Ya ce in an taɓa kawo wa hukuma koken kwalbatin nan ta yi sakaci, to hukuma za ta ɗauki nauyi, ta sake gina ɗakunan, ta dubi matar mamacin. In kuwa ba a kawo ba, doka za ta yi aikinta, a kawar da duk ginin da ke jikin magudana. Injiniya ya miƙe da littattafaina a hammata. Ya ce ya bi shafi-shafi, babu mutum ɗaya daga layin da ya taɓa ambaton kwalbati. Mutane ne ke zuba shara su koma su yi shiru, in abu ya faru a zagi gwamnati. Ya ce ga akawu nan, kowa ya san ba ta ƙari ba ta ragi, ta karanta shafin taron mazaɓar a ji.

Na karanta, tun daga mai unguwa har injin markaɗe. Babu kwalbati. Mai unguwar yana zaune a kujerar roba yana kallon farcensa. Na ajiye littafin ban zauna ba.

"Ranka ya daɗe, saura abin da ba ya ciki. Matar mamacin ta zo taron nan. Ta ɗaga hannu ba a ba ta ba. Bayan addu'a ta yi maganar kwalbatin, ta zo har gabana, na ce mata an rufe."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Ciyaman ya buga tebur.

"Asabe, ke akawu ce ko mai ƙara?"

"Yau duka biyun, ranka ya daɗe."

Injiniya ya ce abin da aka faɗa bayan an tashi hira ce, ba koke ba ne, kuma ni na fi kowa sanin haka. Gaskiyarsa, dokar da nake taƙama da ita ya ɗauko ya buga mini. Amma mutane sun riga sun ji, Ciyaman kuma yana da zaɓe a gabansa. Ya ce to, a kawo bayanin matar a rubuce da dangwalenta kafin zaman kwamiti, za a duba. Na zauna na rubuta maganata da tasa da ta Injiniya a littafin, da hannuna, kamar na wasu.

Kulu ba za ta iya zuwa ba, tana takaba. Wanta, direban babbar mota, ya kwashe ta da 'ya'yanta zuwa gidansa a Katabu. Ranar Asabar na rubuta bayanin tsaf a gida, na sa tawadar dangwale a jaka, na hau mota a Kawo. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana tsince shinkafa, babu ɗan kunne babu kwalli. Ta gane ni tun daga bakin zaure.

"Ya haƙuri, 'yar'uwa? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin. Malama mai jan layi."

Na gaya mata abin da ya kawo ni, da abin da Ciyaman ya ce. Na ciro takardar na karanta mata: ni Kulu, mazauniyar Layin Mai Dusa, na halarci taro na roƙi hukuma ta gina mana sabon kwalbati domin tsohon ya lalace. Ta bar tsintar shinkafar.

"Ba haka nic ce ba."

"To ai ma'anar ke nan."

"Ke kin ji abin da nic ce?"

Ni da aka ɗauko daga kan tsintsiya saboda kunne, na ce mata ban ji duka ba.

Ta ce ita ba ta roƙi sabon kwalbati ba, lafiyarsa lau. Murfin siminti ne guda ɗaya da motar yashi ta taka, ya karye ya faɗa ciki ya tare baki, shara ta riƙa taruwa a jikinsa. Samarin layin sun ce za su ɗaga, mai unguwa ya hana, wai kayan gwamnati ne, wanda ya taɓa ba izini ya kuka da kansa. Sau biyu tana zuwa wurinsa. Shi ya sa ta bar wankin mutane a jiƙe ranar ta zo taro.

"Mutum huɗu nir roƙa, Malama. Ko a aiko su, ko a ce ma samarinmu an yarda. Shi ke nan maganar."

Na san gidanmu, na san yadda kwamiti ke karatu. Sabon kwalbati aiki ne na kasafi, in an roƙa ba a yi ba laifi ya hau kan hukuma. Ɗaga murfi kuwa za su ce aikin gayya ne, na mutanen unguwa, ba ruwan hukuma. Na yi mata wannan bayanin dalla-dalla. Na buɗe tawadar na tura gabanta.

"Ki dangwala wannan ɗin. Shi zai ba ki ɗaki. Wancan gaskiya ne, amma ba zai ba ki ko bulo ɗaya ba."

Ku ji da kyau, ku masu waya. Ni da na ƙi ƙara layi ɗaya na gaskiya don kada littafi ya ɓaci, ni ce na ɗauki shafi guda na abin da ba a faɗa ba na kai wa mai takaba har gida.

Ta kalli tawadar. Matar wan nata tana bakin madafa tana jin mu, ta ce, Kulu ki sa hannu mana, ga yara, ɗaki ɗaya muke da shi a nan. Kulu ba ta juya ba.

"Kwana ashirin da rufe shi. In ɗora yatsana bisa ƙarya da sunanai? Ranar da nic ce gaskiya ba ki rubuta ba. Yau dai rubuta ta."

Na juya bayan takardar na rubuta, tana faɗa ina bi, har da motar yashin da zuwanta biyu wurin mai unguwa. Na karanta mata, ta gyara mini wuri ɗaya, ta dangwala. Ta sa aka kawo mini ruwa na sha.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba. Na karanta bayanin da bakina. Aka tambayi mai unguwa, ya ce shi bai tuna wata mata ta zo wurinsa ba, mata da yawa ke zuwa. Injiniya ya ce alhamdu lillahi, ga shi da bakinta ta wanke hukuma, ba ta nemi aikin kasafi ba, share magudana kuwa haƙƙin mazauna ne. Aka rubuta an lura. Aka aika mata buhun shinkafa da tabarma biyu tare da sauran waɗanda ruwa ya taɓa. Ɗakin bai dawo ba. Da ta fita takaba na ji ta koma wankau a can Katabu, daga baya wan nata ya mayar da ita garinsu.

Ni kuma aka ɗauke ni daga kan littafi aka kai ni ɗakin ajiyar fayil, wai in huta. Shekara biyu ina kaɗe ƙura da kashin ɓera, sai da aka canza Ciyaman aka rasa mai zaman awa biyar, aka dawo da ni. Da na dawo na ɗauki teburina da kaina na kai shi baya, bakin ƙofa, gefen tabarmi. Aka ce ba a taɓa yi ba, na ce kunnena ne ya yi nauyi, daga nan na fi ji. Kuma kafin liman ya ɗaga hannu nakan miƙe in ce saura wa, in bi fuskokin baya ɗaya bayan ɗaya. Masu gabatarwa sun tsane ni a kan haka, ana kiran salla ina tsayar da mutane. Layin kuwa har gobe ina jan sa, don masu ambulan ba su mutu ba. In kun karɓi aikin nan ku ma sai kun ja. Abin da nake gaya muku shi ne ku ɗaga kai ku duba kafin ku ja.

Ranar da aka je kawar da sauran ɗakunan Layin Mai Dusa, a shekarar da abin ya faru, na bi su, ba wanda ya aike ni. Motar rusau ta yi nata aikin, masu haya suna tsaye da katifu a ka. Da aka gama Injiniya ya leƙa bakin kwalbatin, ya kira leburori huɗu daga cikin waɗanda ya zo da su. Suka shiga da ƙarfe biyu da igiya. Murfin yana nan yadda Kulu ta faɗa, a karye, a tsaye a bakin ramin. Suka ɗaga shi suka jingine a gefen hanya, suka kwashe sharar da shebur. Ruwan da ya kwana wata da watanni ya yi gurnani ya wuce. Kafin a kira azahar sun gama, har sun wanke ƙafa sun sayi rake.